Yadda Ake Fara Lambun Tukwane a Barandar Gidan Bene

Wanda yake zaune a gidan bene, ba shi da ko taƙi ɗaya na fili, yana iya noman ganye da kayan lambu a barandarsa, matuƙar ya riƙe abu guda tun daga farko: shukar da ke cikin tukunya ba ta da inda za ta miƙa saiwarta ta nemo ruwa ko abinci idan na cikin tukunyar ya ƙare, kuma ba ta da yadda za ta yi idan ruwan ya yi mata yawa. Duk abin da shukar fili take samo wa kanta, ita wannan sai an kawo mata shi a kan lokaci kuma daidai gwargwado. Na daɗe ina wannan aiki, kuma abin da na fi gani yana kashe shuka a hannun sabon shiga shi ne tukunyar da ruwa ba ya fita daga cikinta, sai kuma ban ruwan da ya wuce kima. Saboda haka a kan waɗannan biyun zan fi tsawaita bayani.

Kayan da za a tanada

Abu na farko shi ne mazubi. Tukunyar roba ko ta yumɓu, tsohon bokiti, akwatin katako, har ma buhu mai ƙwari, duk suna aiki. Kowane mazubi yana buƙatar faranti ko tire da za a ɗora shi a kai domin tare ruwan da zai zubo. Sai kayan haɗa ƙasa, wato takin da ya gama ruɓewa, da garin ɓawon kwakwa da ake sayarwa a dunƙule, da wani abu mai buɗe ƙasa kamar falayit, wato fararen tsakuwoyin nan marasa nauyi, ko yashi mai manyan ƙwayoyi, ko ɓuntun shinkafa. Sai iri ko ƙananan dashe.

Ragowar kayan ba su da yawa: butar ban ruwa mai ƙananan ƙofofi a baki, ƙaramin shebur na hannu, almakashi, ƙusa mai kauri don huda mazubi, sanduna da igiya mai laushi, kwalbar feshi, da takin da ake narkawa a ruwa. Idan babu butar ban ruwa, a huda murfin gorar roba da allura mai zafi a wurare da dama, za ta yi aikin daidai. Idan babu shebur, babban cokali ya wadatar.

Mataki na 1: Ka san barandarka kafin ka sayi komai

Ka ware yini guda da kake gida, ka riƙa leƙa barandar daga safe zuwa yamma kana rubuta lokacin da rana ta fara sauka a kowane ɓangare da lokacin da ta janye. Hasken da ake ƙirgawa shi ne wanda ya bugi wurin kai tsaye har ya fitar da inuwa. A arewacin duniya barandar da ke kallon kudu ce ta fi samun rana, a kudancin duniya kuma mai kallon arewa. Mai kallon gabas tana samun ranar safe mai sauƙi, wadda ganyayyaki ke so, mai kallon yamma kuwa tana shan zafin la'asar, kuma tukwanenta sun fi saurin bushewa. Rufin barandar da ke samanka da ginin maƙwabta suna iya rage hasken sosai, shi ya sa gani da ido ya fi lissafin alƙibla.

Sai nauyi. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, kuma tukunya mai lita 20 da aka cika da ƙasar fili aka jiƙa ta tana iya kai kilo 30. Idan aka jera irinta 10, an ɗora wa baranda nauyin manyan mutane 4 ko 5 da ba sa motsawa dare da rana. Ka tambayi mai gida ko masu kula da ginin abin da barandar za ta ɗauka da abin da ƙa'idar ginin ta yarda da shi, musamman idan barandar tsohuwa ce ko akwai tsaga a jikinta. Manyan tukwane a jera su kusa da bangon ɗaki, domin nan ne baranda ta fi ƙarfi, a bar bakin waje ga ƙanana.

Kada a ɗora tukunya a kan bango ko ƙarfen baranda ba tare da an ɗaure ta ba, kuma duk akwatin da za a rataya, a rataye shi ta ciki. Idan akwai yara a gidan, kada a ajiye babbar tukunya a gindin ƙarfen, domin yaro zai taka ta ya leƙa ƙasa. A bar hanyar wucewa da magudanar ruwan barandar a buɗe.

Mataki na 2: Ka zaɓi shukar da haskenka zai ɗauka

Shuke-shuke masu 'ya'ya, irin su tumatir, tattasai, barkono, yalo da kokwamba, suna buƙatar rana ta awa 6 zuwa 8 a yini. Masu ganye, irin su latas, na'a-na'a da albasa mai lawashi, suna rayuwa da awa 3 zuwa 5. Idan barandarka awa 4 kawai take samu, ka haƙura da tumatir. Zai yi tsawo, ya siranta, ya yi ganye, amma ba zai ba ka abin kirki ba, kuma babu takin da zai maye gurbin rana.

Shawarata ga mai farawa ita ce tukwane 3 ko 4 kawai a zagayen farko: ɗaya ta latas ko alayyafo, ɗaya ta albasa mai lawashi, ɗaya ta na'a-na'a, sai ɗaya ta barkono ko tumatir idan akwai rana. Daga cikin tumatir, nau'in mai ƙananan 'ya'ya da wanda ba ya tsawo sun fi dacewa da tukunya. Na'a-na'a a ba ta tukunyarta ita kaɗai, domin saiwarta tana yaɗo ta mamaye duk abin da aka haɗa ta da shi.

Mataki na 3: Shirya mazubi

Girman mazubi ya dogara da saiwar abin da za a shuka. Tumatir guda ɗaya yana buƙatar lita 20 ko fiye, da zurfin santimita 30. Tattasai da barkono suna wadatuwa da lita 10 zuwa 15. Latas da albasa mai lawashi zurfin santimita 15 ya ishe su, faɗi suka fi buƙata. Karas yana son zurfin santimita 25 zuwa 30. Idan kana shakka tsakanin girma biyu, ka ɗauki babban, domin ƙaramar tukunya tana bushewa cikin 'yan awoyi a rana mai zafi.

Ka juya mazubin ka huda gindinsa a wurare 5 ko 6, kowane huji faɗinsa kamar santimita 1. Idan na roba ne, ƙusa mai zafi tana huda shi ba tare da ya tsage ba. A shimfiɗa ɗan guntun raga ko tsohon ƙyalle mai shara-shara a kan hujin domin kada ƙasa ta riƙa zubowa.

Akwai kuskuren da ya yaɗu ƙwarai, wato zuba tsakuwa ko fasassun kasko a gindin tukunya da sunan taimaka wa ruwa ya fita. Ruwa ba ya saurin tsallakawa daga ƙasa mai laushi zuwa tsakuwa mai manyan ƙofofi. Yana taruwa ne a saman tsakuwar sai ƙasar ta cika ta tumbatsa. Abin da tsakuwar ta yi kenan shi ne ta ɗago wurin da ruwa ke kwanciya zuwa kusa da saiwa, ta rage wa shukar wurin zama, ta kuma ƙara wa barandar nauyi. A cika tukunyar da ƙasa tun daga gindi. Tukunyar ado da ba ta da huji kuwa, a saka wata mai huji a cikinta, a riƙa zubar da ruwan da ya taru.

Tukunyar yumɓu tana sanyaya saiwa amma tana saurin bushewa kuma tana da nauyi. Ta roba tana riƙe laima, sai dai baƙa tana ɗaukar zafi sosai a rana, don haka a naɗe ta da buhu ko farin ƙyalle. Kada a shuka abin ci a mazubin da ya taɓa ɗaukar fenti, man inji ko maganin ƙwari, komai wankin da aka yi masa.

Mataki na 4: Haɗa ƙasa

Ƙasar da aka ɗebo daga fili ba ta dace da tukunya ita kaɗai ba. A fili tana da tsutsotsi da saiwoyi masu buɗe ta, amma a tukunya ban ruwa na yau da gobe yana danne ta har ta ƙame kamar tubali, iska ta daina shiga, saiwa ta shaƙe. Saiwa tana numfashi, kuma ƙasa mai kyau ita ce wadda ke riƙe laima tana kuma barin iska ta ratsa.

Haɗin da na fi amincewa da shi shi ne kashi 1 na ruɓaɓɓen taki, kashi 1 na garin ɓawon kwakwa, da kashi 1 na falayit ko ɓuntun shinkafa. A jiƙa ɓawon kwakwar tukuna har ya kumbura ya warware, sannan a gauraya duka a babban baho. Idan ba a samu ɓawon kwakwa ba, ruɓaɓɓen ganyen bishiya da ya zama baƙin gari yana maye gurbinsa. Idan dole sai an yi amfani da ƙasar fili, kada ta wuce kashi 1 cikin 3, a tankaɗe ta, a haɗa da taki da yashi mai kaushi, a kuma tuna cewa wannan haɗin ya fi nauyi. Wanda ya samu ƙasar tukunya da ake sayarwa a shirye cikin buhu ya huta da wannan mataki.

Ga yadda za ka gwada haɗin: ka damƙi wanda ya ɗan jiƙe a tafin hannunka ka matse. Idan ya dunƙule, sannan ka taɓa shi da yatsa ya wargaje, ya yi daidai. Idan ruwa ya tsiyayo ta tsakanin yatsunka kuma dunƙulen ya ƙi wargajewa, a ƙara abu mai buɗe ƙasa. Idan ya ƙi dunƙulewa sam, a ƙara taki ko ɓawon kwakwa.

Ɗanyen kashin dabbobi ko na kaji yana ƙona saiwa kuma yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, abin da ke da haɗari ga ganyen da ake ci ɗanye. Takin da ya nuna baƙi ne, yana marmashewa, ba ya ɗumi, kuma ƙamshin ƙasa yake yi. A cika tukunya a bar santimita 3 daga baki domin ruwa ya samu wurin tsayawa, kuma kada a danna ƙasar da ƙarfi.

Mataki na 5: Shuka iri ko dashe

Ƙa'idar zurfin iri ita ce ninki 2 zuwa 3 na kaurin ƙwayar. Masu farawa sukan binne iri da nisa, ya ruɓe kafin ya kai sama. Irin latas ƙarami ne ƙwarai kuma haske yana taimaka masa ya tsiro, don haka a yayyafa shi a sama a ɗan danna da tafin hannu. Ba ya tsirowa da kyau idan zafi ya kai digiri 30, sai a ajiye tukunyar a inuwa har ya fito. Karas da wake a shuka su kai tsaye a tukunyar da za su zauna, domin ba sa son a taɓa saiwarsu. Har iri ya tsiro, a riƙa jiƙa saman ƙasar da kwalbar feshi, kada a kwarara ruwa ya kwashe shi gefe guda.

Idan tsiro ya fito da yawa, dole a rage. Wannan yana yi wa mai farawa wuya, amma tsiro 10 a wurin 2 babu wanda zai yi girma a cikinsu. A yanke masu rauni da almakashi daga gindi maimakon a tuge su, don kada a girgiza saiwar waɗanda aka bari.

Tumatir yana tsirowa cikin kwana 5 zuwa 10, kuma yana isa dashe bayan mako 4 zuwa 6; barkono ya fi shi jinkiri. Wanda yake son sauƙi ya sayi dashe, ya zaɓi gajere mai kaurin kara da koren ganye, ya duba bayan ganyen ko akwai ƙwari. Dashen da ya tashi a inuwa ko a cikin ɗaki a saba masa da rana a hankali har tsawon mako guda, ana ƙara masa awoyi kullum. A yi dashe da yamma, a ba shi ruwa sosai nan take. Tumatir ana iya binne karansa har zuwa ganyen farko domin yana fitar da sabuwar saiwa daga kara, amma sauran a bar su daidai zurfin da suka zo da shi.

Mataki na 6: Ban ruwa

Babu jadawalin da zai gaya maka sau nawa za ka ba da ruwa, domin tukunya ɗaya tana iya buƙatar ruwa sau 2 a yini lokacin zafi da iska, ta kuma yi kwanaki ba ta nema ba lokacin sanyi ko damina. Yatsanka ne ma'auni. Ka cusa shi cikin ƙasar har gaɓa ta farko ko ta biyu. Idan ka ji laima ka bari, idan ka ji bushewa ka ba da ruwa. Ka kuma saba ɗaga ƙananan tukwane, domin ba da jimawa ba hannunka zai riƙa bambance nauyin mai ruwa da mai ƙishi.

Idan za ka ba da ruwa, ka ba da shi a hankali a gindin shukar har sai ya fara fita ta ƙasa. Yayyafi kaɗan-kaɗan a sama yana jiƙa fuskar ƙasar kawai, saiwa ta taru a sama inda zafi ya fi yawa. Bayan kamar rabin awa ka zubar da ruwan da ya taru a faranti. Barinsa yana ruɓar da saiwa, kuma sauro yana iya kammala girma daga ƙwai cikin kwana 7 zuwa 10 a irin wannan ɗan ruwan. Farantin kuma shi ne ke hana ruwa mai laka ɗiga a kan shanyar maƙwabcinka na ƙasa, abin da yakan jawo saɓani a gidajen bene. Safiya ce lokacin da ya fi, kuma a guji jiƙa ganye, musamman da dare, saboda funfuna.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne shukar da ruwa ya yi wa yawa ita ma tana yaushi, daidai da mai ƙishi, domin saiwar da ta ruɓe ba ta iya jan ruwa. Sai mai ita ya ga ganye ya langaɓe ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta. Don haka duk lokacin da ka ga yaushi, ka taɓa ƙasar kafin ka ɗauki buta. Idan a jiƙe take, ganyen ƙasa yana zama rawaya, tukunyar kuma tana ɗan wari, ka dakata da ruwa, ka duba ko hujin ya toshe, ka ɗora tukunyar a kan 'yan katakai iska ta shiga ta ƙasa. Yaushin tsakar rana wanda ke warwarewa da yamma kuwa ba komai ba ne.

Wani lokaci ƙasar tana bushewa har ta janye daga jikin tukunya, sai ruwa ya bi ta gefe ya zube nan take, mai lambu ya ɗauka ta ƙoshi. Maganin wannan shi ne a tsoma tukunyar cikin bahon ruwa na kamar rabin awa har ta sha ta ƙasa. Rufe saman ƙasa da busasshiyar ciyawa ko ɓuntu yana rage bushewa sosai. Idan za ka yi tafiya ta 'yan kwanaki, ka janye tukwanen zuwa inuwa, ka tara su wuri ɗaya, ka ajiye bokitin ruwa a wuri mai ɗan tudu, ka saka bakin igiyar auduga ɗaya a ruwan, ɗaya bakin kuma ka binne shi a tukunya. Ka gwada wannan kafin ranar tafiyar.

Mataki na 7: Taki

Kowane ban ruwa yana wanke wani abu daga abincin da ke cikin tukunya, don haka bayan mako 4 zuwa 6 sai an fara ƙari. A jikin takin zamani akwai lambobi uku ƙarƙashin haruffan NPK: na farko yana gina ganye, na biyu yana taimakon saiwa, na uku kuma fure da 'ya'ya. Masu ganye suna son na farko ya fi yawa, tumatir da barkono kuwa da zarar sun fara fure sun fi buƙatar na uku; idan aka cika musu na farko sai su yi duhun ganye babu 'ya'ya. A narka rabin abin da aka rubuta a jikin kwalin, a ba da shi duk mako 2, kuma a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa kawai. Wanda ba ya son takin zamani ya riƙa barbaɗa ruɓaɓɓen taki tafi ɗaya ko biyu a saman ƙasar duk wata. Idan farin gishiri ya fito a saman ƙasa ko bakin ganye ya ƙone, a kwarara ruwa mai yawa ya wanke tukunyar, a tsallake taki na wani lokaci.

Mataki na 8: Iska, tokara da fure

Iska ta fi ƙarfi a saman bene. Tana busar da ganye, tana karya kara, tana kifar da tukunya. A ɗaura raga a jikin ƙarfen baranda, domin raga tana rage ƙarfin iska, alhali allon da ya toshe gaba ɗaya yana sa ta yi juyi ta bayansa. Sandar tokara a kafa ta tun ranar dashe don kada a soki saiwa daga baya, a ɗaure karan sako-sako.

A benaye na sama ƙudan zuma ba sa yawan zuwa. Furen tumatir da na barkono suna ɗauke da namiji da mace wuri ɗaya, don haka girgiza reshen a hankali da hantsi ya isa. Kokwamba kuwa furen namiji daban yake da na mace, wanda ake gane shi da ɗan ƙaramin ɗa a bayansa; a ɗauki garin furen namijin da ɗan burushi mai laushi a shafa a tsakiyar na macen. Idan zafi ya haura digiri 35 furen tumatir yakan zube, sai a yi masa inuwa da rana tsaka. Baƙin tabon da ke fitowa a gindin ɗan tumatir kuma yawanci daga ban ruwa marar tsari yake, yau fari gobe ambaliya.

Mataki na 9: Ƙwari

Ka riƙa juya ganye kana duba bayansa duk 'yan kwanaki. Ƙananan ƙwarin darɓa suna taruwa a sabon toho suna barin danƙo, farin ƙuda yana tashi idan an taɓa shukar, wasu jajayen ƙwari da ido ke gani da ƙyar kuma suna barin ɗigo-ɗigon rawaya da siririyar yana a lokacin zafi da bushewa. Idan an gan su da wuri, wanke ganyen da ruwa mai ɗan ƙarfi yana isa. Idan sun yi yawa, a zuba ƙaramin cokali 1 na sabulun ruwa marar ƙarfi a lita 1 ta ruwa, ko man darbejiya daidai wannan awon tare da ɗigon sabulu, a fesa da yamma har bayan ganye, a maimaita bayan mako guda. A fara gwadawa a ganye ɗaya a jira kwana guda. Ban ga dalilin fesa guba mai ƙarfi a wurin da ke manne da ɗakin kwana ba. Shukar da ƙwari suka ci ƙarfinta gara a cire ta kafin su bazu.

Mataki na 10: Girbi da sabunta ƙasa

Latas da alayyafo ana fara tsinkar su bayan kamar mako 4 zuwa 5. A yanki manyan ganyen waje a bar tsakiya, kada a ɗauki fiye da kashi 1 cikin 3 a lokaci guda, za su ci gaba da toho. Na'a-na'a a riƙa yanke kanta domin ta yi rassa. Tumatir yakan fara nuna kwana 60 zuwa 80 bayan dashe, kuma tsinkar 'ya'ya da zarar sun nuna tana sa barkono da kokwamba su ƙara haihuwa.

Idan shuka ta gama, a juye tukunyar a baho, a tsince tsofaffin saiwoyi, a haɗa kashi 2 na tsohuwar ƙasar da kashi 1 na sabon taki, a wanke tukunyar da sabulu kafin a mayar. Ƙasar da shuka ta yi ciwo a cikinta a zubar da ita. Tumatir, tattasai, barkono da yalo dangi ɗaya ne kuma cututtukansu ɗaya ne, saboda haka ƙasar da ɗayansu ya fita daga ciki a ba latas, albasa ko wake a zagaye na gaba.